Motar da Nuriyya Ta Iya

Nuriyya Sada ta yi shekara ashirin tana tuƙa mota guda ɗaya, kuma motar ba ta taɓa gusawa daga ginin da aka ajiye ta ba. Tana cikin wani gidan wasanni ne a Zahir, irin wanda mutanen Makka ke kira malahi, a kusurwar sashen mata, tsakanin injin gurguru da ƙofar wurin alwala. Wata ƙatuwar akwati ce mai kujera. A gaban kujerar akwai allo irin na tsohon talabijin, da sitiyari, da totur da birki a ƙasa, da mariƙin giya a hannun dama. Giyar biyu ce kacal, ƙarama da babba. Sunan da maƙeranta suka rubuta a samanta ya daɗe da gogewa. Mahaifin Nuriyya ne ya raɗa mata Ɗorawa, saboda launin motar da ke cikin allon, har 'yan matan Larabawa da ba su san ma'anar sunan ba haka suke kiranta.

Mahaifin nata, Sada, shi ne makanikin wurin. Yana ɗan shekara huɗu iyayensa suka taso da shi daga ƙasar Katsina, suka biyo ta Chadi da Sudan, suna tafiya suna yada zango suna noma, har shekara bakwai. A Bur Sudan ya koyi gyaran rediyo. Ya ƙetaro Jidda yana saurayi, ya koma gyaran talabijin, a can ya yi aure, a can aka haifi Ismail da Nuriyya.

Tarihin Ɗorawa kuwa a bakinsa kowa ya ji shi, kuma ba ya gajiya da bayarwa. Ya ce a Japan aka ƙera ta, a tsakiyar shekarun tamanin. Kafin ita, wasannin motar da ya saba gyarawa ba su wuce 'yan ɗigo-ɗigo da ake kallo daga sama ba, kamar tururuwa a kan faranti. Ita ce ta farko da ya gani ta zaunar da mutum a bayan mota, titi ya miƙe a gabansa, kujera kuma ta karkata da shi idan ya sha kwana. Jirgin ruwa ne ya kawo ta Jidda, kuma shi da hannunsa ya ɓalle ƙusoshin akwatin katakon da ta zo a ciki. A makon farko samari har bakin titi suke layi. Bayan shekara takwas kasuwarta ta ja baya a can, wani attajiri ya saye ta don malahinsa na Makka, ya ce ba zai ɗauke ta ba sai an haɗa masa da mai gyaranta. Haka attajirin ya zama kafilin Sada, wanda takardar zamansa, wato iƙama, ke hannunsa, haka kuma iyalin suka tare a Nakkasa, can saman dutse, Nuriyya tana da shekara goma.

"Ɗorawa ta fi ni gata," in ji shi. "Ita da takardunta cif ta shigo ƙasar nan. Ni sai da na shekara goma sha biyu kafin a rubuta sunana a wani wuri."

A Makka ma samari ba su daɗe suna yayinta ba. Da aka kawo sababbin na'urori masu bindiga, sai aka tura ta sashen mata. Da safe, kafin a buɗe wa mutane, Sada yakan shiga ya duba wayoyi, Nuriyya tana riƙe masa sukudireba. Idan ya gama sai ya ce ta hau ta gwada masa.

Wasan ba shi da wuyar ganewa. Ana jefa kwandalar wasa, agogo ya fito a saman allo da sakan sittin. Ba da sauran motocin ake tsere ba, su dai tare hanya ne aikinsu. Da agogon ake yi. Ƙasashe biyar ne a jere: bakin teku, sai sahara, sai daji mai dogayen itatuwa, sai dutsen ƙanƙara, sai birni mai fitilu. A ƙarshen kowace ƙasa titi yakan rabu biyu, na hagu mai sauƙi, na dama mai mugayen kwanoni. Wanda ya ratsa ƙarƙashin tutar da ke mararrabar kafin agogo ya cinye, sai a ƙara masa lokaci. Wanda ya daki itace, motar ta wuntsila, kujera ta girgiza shi, ɗan direban da ke ciki ya faɗo gefen titi yana sosa ƙeya, sannan a mayar da motar tsakiyar kwalta ba ko ƙwarzane. Agogo dai bai jira ba. Idan lokaci ya ƙare, ko mutum ya danne totur har ƙasa, motar takan rage gudu da kanta ta tsaya.

Wata safiya Sada ya buɗe mata bayan akwatin ya nuna mata wani koren faranti cike da 'yan baƙaƙen ƙwayoyi. Ya ce wannan ce kwanyarta.

"Kin ga motar nan ba ta zuwa ko'ina, Nuri. Titin ne ke zuwa. Layi-layi ake zana shi, daga ƙasa zuwa sama, a ɗan goce da kowane layi, sai idonki ya ce kwana ce. Itacen can kuma hoto ɗaya ne, ƙara masa girma kawai ake yi, ke kuma ki ce kusantowa yake."

A gefen farantin akwai wasu 'yan makunnai takwas, ƙanana kamar ƙwayar shinkafa. Da su ake ƙara lokaci ko a rage. Sai da ta girma ya gaya mata cewa shekara biyu yana ɗaga mata guda biyu a ɓoye don kada ta yi zuciya, ranar da ya ga ta kai dutsen ƙanƙara ya mayar da su yadda suke.

Ta koyi tashi da ƙaramar giya, ta jira ƙarar inji ta sirance sannan ta jefa babba. Ta gano cewa birki ɓata lokaci ne, a kwana gara ta sauke giya na ƙiftawar ido ta mayar. Ta haddace inda farar tirela ke fitowa a sahara, da ramin da ke bayan gada a cikin daji. Tana da shekara goma sha shida ta kai birni ta hannun dama zalla, da saura sakan tara. Da ta kai ashirin da biyu mai wurin ya ɗauke ta aiki a sashen mata, tana ba da kwandaloli tana goge na'urori. Matan aure sukan ajiye abayoyinsu a kan benci su tsaya a bayanta suna kallo, wasu su ce ta tsallakar musu da daji su karɓa daga nan.

A gida abubuwa sun yi ta raguwa. Mahaifiyarta ta rasu. Auren da Nuriyya ta yi bai kai shekara biyu ba, ta dawo ɗakinta. A shekarar 2013, lokacin da aka matsa wa kowa ya gyara takardunsa, na Ismail ba su gyaru ba, aka sa shi a jirgi zuwa Kano. Ya rage daga ita sai tsohon, sai wata tsohuwar akori-kura fara da yake ɗaukar kayan aiki da ita. A cikinta suke gangarowa Zahir kullum, shi a sitiyari, ita a gefe.

Sau ɗaya ta roƙe shi ya koya mata tuƙi, ko da yake a lokacin doka ta hana mata tuƙa mota a ƙasar. Suna dawowa ne da la'asar, suka wuce wani fili da babu kowa a bayan Ka'akiyya.

"Baba, ka tsaya a nan ka nuna mini. Ko zagaye ɗaya."

Ya rage gudu kamar zai tsaya. Ya dubi madubi, ya dubi titi.

"Idan aka gan mu fa? Ba ke za a tambaya ba, ni za a tambaya. Daga nan a ce a kawo iƙama, daga nan a kira kafili. Ismail ya tafi. Kina so mu bi shi?"

"Babu kowa a wurin."

"Kullum akwai wani, ya binti, 'yata. Kuma me za ki yi da ita? Ga ni."

Ba ta sake tayar da maganar ba.

Abin ya faru ne wata Juma'a a cikin zafin 2016. Tun safe Sada yake cewa kansa na sarawa. Ya yi wanka, ya sa farar riga, sannan ya zauna a bakin katifa ya ce bari ya ɗan huta, idan ya ji sauƙi ya bi sahu. Mazan unguwar duk suka gangara masallaci, har yaran da suka yi wayo. Nuriyya tana kicin tana yanka albasa ta ji faɗuwar wani abu. Ta same shi a ƙasa, tsakanin katifa da bango, bakinsa ya karkace, idonsa a buɗe yana kallonta. Ta kira shi, ya yi wani gurnani. Hannunsa na dama da ta ɗaga ta sake, ya faɗi kamar tsumma.

Ta kira motar asibiti. Mutumin da ya ɗauka ya tambayi sunan titi. Lungunsu ba shi da suna. Ta kwatanta masa da tankin ruwa, da shagon burodi, sai ta tuna an rushe shagon tun watan jiya, tare da duk layin da ke ƙasa da shi. Katafiloli sun cinye rabin dutsen, hanyar da mota ke bi ta gabas ɓaraguzai sun toshe ta, saura wani matsattsen lungu da 'yan unguwa kaɗai suka san shi. Ya ce za su zo bakin babban titi, idan za ta iya sauko da shi nan zai fi sauri.

Ta fita ba takalmi ta buga ƙofar maƙwabciyarsu, Hala Baraka, wata dattijuwa da iyayenta suka zo daga Abeshe ta ƙasar Chadi. Mijinta Tijjani direban tasi ne, amma yana masallaci, wayarsa kuma ga ta nan a kan firij tana caji. Suka kira lambobi huɗu, babu wanda ya ɗauka. Daga ƙasan dutse ana jiyo liman bai daɗe da fara huɗuba ba.

Suka shimfiɗa bargo suka mirgina shi a kai. Su biyu da wata matar aure mai tsohon ciki suka ja shi suna hutawa, har ƙofar gida, suka ɗora shi a bayan akori-kurar. Ƙarfen motar ya yi zafin da ba a iya dafa shi. Hala Baraka ta hau ta ɗora kansa a cinyarta, ta yi masa inuwa da mayafinta.

"Ke kika iya," ta ce wa Nuriyya. "Kowa ya san ke kika iya. Shiga."

Makullin yana aljihun rigarsa. Nuriyya ta zaro shi, ta buɗe ƙofar direba, ta zauna. Kujerar ta yi mata nisa, ba ta san inda ake matso da ita ba. Ta leƙa ƙasa ta ga abin takawa uku. Ta san na ukun kuloci ne, ta sha ganin ƙafarsa ta hagu tana hawa da sauka, amma ba ta taɓa lura da lokacin da yake yin hakan ba. Mariƙin giyar ba gaba da baya kaɗai yake zuwa ba, yana lilo ta ko'ina, zanen da ke kansa kuma ya goge.

Ta murɗa makulli. Motar ta yi tsalle gaba ta mutu. Ta ji kan mahaifinta ya bugu da wani abu a baya, ta ji Hala Baraka tana salati.

Ta taka kuloci ta sake murɗawa. Injin ya tashi. Ta tura giyar inda take zaton ta ɗaya ce, ta danne totur kamar yadda ƙafarta ta saba, ta ɗage ƙafar hagu. Motar ta yi ƙara, ta girgiza, ta mutu. Ta sake, ta sake mutuwa. Zufa tana shiga idonta. Sitiyarin da ta kama ya yi nauyi kamar an ɗaure shi, ba irin wanda take juyawa da yatsa biyu ba.

"A hankali, Nuriyya," matar mai cikin ta ce ta taga. "Mijina a hankali yake sakin na hagun."

A karo na huɗu ta saki a hankali. Motar ta motsa, amma baya ta yi. Lungun gangare ne. Kafin ƙafarta ta lalubo birki, tayar baya ta zarce bakin lambatu ta faɗa ciki, motar ta karkace ta jingina da katangar wani kango. Injin ya mutu. Ta tayar da shi, tayar ta yi ta juyawa a banza tana watso baƙin ruwa.

Suka yi shawarar ɗaukarsa da hannu. Daga nan zuwa babban titi matakala ce sama da ɗari biyu, rabinsu a farfashe. Suka sauko da shi, suka yi taku goma sha biyar, mai cikin ta durƙusa ta riƙe mararta. Hala Baraka ta ce hannunta ya mutu. Suka kwantar da shi a inuwar wata katanga. Mai motar asibiti ya kira ya ce sun iso inda suke zaton nan ne, ba su ga kowa ba. Da ta yi masa tambayoyi sai ta gane suna ɗaya gefen dutsen.

Ta zauna a ƙasa ta riƙe hannunsa mai rai. Yana matsa nata. Suka saurari huɗuba ta biyu har ƙarshe, suka ji an tayar da salla, suka ji raka'a ta farko da ta biyu. Ba abin da ta yi a tsawon lokacin nan sai korar ƙudaje daga fuskarsa.

Tijjani ne ya fara hawowa, da dardumarsa a kafaɗa. Maza shida suka kama bargon, cikin minti biyar suna bakin titi.

Likitan da ya duba shi ya tambaye ta ƙarfe nawa abin ya fara. Da ta faɗa, ya dubi agogonsa, ya rubuta wani abu. Ya ce jini ne ya toshe a kai, akwai allurar da ake yi idan an zo da wuri, amma kafin a gama hoto da gwaje-gwaje lokacinta ya wuce. Ta tambaye shi ko da sun zo da awa ɗaya kafin haka da an yi. Ya ce Allah ne masani, mai yiwuwa.

Sada ya yi kwana goma sha tara a asibiti. Ya fito ɓarin jikinsa na dama a shanye. Kalma uku suka rage masa: "Allah", "to", da wani sauti mai kama da farkon sunanta. Hankalinsa kuwa yana nan garau, ana gani a idonsa. Ba wanda ya yi mata maganar motar a gabansa. Tijjani da abokansa suka ciro ta daga lambatu, daga baya aka sayar.

Ta koma aiki bayan wata guda, Hala Baraka tana zama da shi. Ba ta hau Ɗorawa ba. Takan goge allon da sitiyarin da safe kamar sauran na'urori, ta wuce. Idan mata suka ce ta tsallakar musu da daji, sai ta ce hannunta na ciwo.

Ba a rufa wata huɗu ba na'urar ta fara lalacewa. Kujera ce ta fara daina karkata. Sai launin ja ya ɓace, sahara ta koma kore. Wata ranar Talata titin kansa ya ɓace. Sama tana nan, itatuwa suna tahowa, motar tana tsaye a kan baƙin fili, ba a sanin inda kwana take sai an ji karo. Mai wurin ya kawo wani saurayi mai gyaran wayoyin hannu. Ya buɗe baya, ya ɗauki hoton farantin, ya ce ƙwayoyin nan an daina yin su tun kafin a haife shi.

"Ki gaishe da Ammu Sada," mai wurin ya ce mata, yana kiransa baffa da Larabci. "Idan ba ta tashi ba zuwa ƙarshen wata, zan fitar da ita. Wurin nake so."

Ranar Alhamis ta kwance sukurori huɗun da ta sha ganin yana kwancewa, ta naɗe farantin a tawul ta kai gida. Bayan la'asar ta jingina shi da filo, ta ɗora masa a cinya.

Ya daɗe yana kallonsa. Ta ba shi labarin kujerar, da jan launi, da titin da ya ɓace. Da ta zo kan titin sai ya ɗaga kai da sauri. Ya ɗora yatsan hagu a kan farantin, yana bin wani siririn layi, har ya tsaya a kusa da wasu ƙwayoyi uku da ke jere.

"Wannan?" ta ce.

Ya girgiza kai.

"Ta tsakiya?"

"To."

"Ta mutu ne? A canza ta?"

Ya girgiza kai da ƙarfi. Ya buɗe baki, wuyansa ya kumbura, abin da ya fito shi ne "Allah". Ya sake gwadawa, "Allah". Ya nuna akwatin kayan aikinsa da haɓa. Ta jawo, ta riƙa ɗago abubuwa ɗaya bayan ɗaya, yana girgiza kai, har ta ɗago ƙarfen liƙi da zaren dalma. Ya ce, "To."

Ta gane dalmar wata ƙafa ce ta tsage, liƙi kawai take so. Amma ƙwayar ƙafa ashirin da takwas gare ta, kuma tsagar ba ta ganuwa. Ta jona ƙarfen ya yi zafi. Ya miƙo hannun hagu ya karɓa. Bakin ƙarfen ya yi ta yawo a sama da farantin, ya kasa sauka wuri ɗaya, har ya taɓa bargon da ke cinyarsa ya ƙona shi. Ta karɓe.

"Zan bi su duka, Baba. Ɗaya bayan ɗaya. Idan na yi ba daidai ba ka taɓa ni."

Ta yi ta farko, ta yi ta biyu. A ta biyar dalmar ta yi yawa, ta malala ta haɗe ƙafa uku. Ya taɓa ta. Ta sa ƙarfen don ta raba su, ya sake taɓa ta, da ƙarfi, yana wani sauti. Ba ta san ko cewa yake ta ɗaga ba ko ta ci gaba. Ta bar ƙarfen a wurin. Wani ɗan hayaƙi ya tashi, siririn layin jan ƙarfen da ke ƙarƙashi ya ɗago ya nannaɗe kamar gashi.

Ya dubi wurin. Ya ɗauke hannunsa daga kan farantin ya juya fuskarsa bango. Ta zare ƙarfen daga wuta, ta zauna tana jin numfashinsa har aka kira magariba.

Ta mayar da farantin ranar Asabar ta ɗaura. Allon ya kawo fari fat, ba sama ba itace. Ƙarshen wata ma'aikata huɗu suka turo Ɗorawa ta ƙofar baya, suka jingina ta da bango a inda ake tara kwalaye. Wani mai sayen tsofaffin ƙarafa ya cire injin kujerar ya bar sauran. A kusurwar aka sa wata na'ura mai kamo 'yar tsana da ƙugiya.

Shekarar da ta biyo baya rusau ya iso layinsu. Suka koma ɗaki ɗaya a Ka'akiyya, a ƙasan wani bene, saboda keken guragun da yake zama a kai. Hala Baraka da Tijjani suka koma wajen 'yarsu a Jidda. Babu mai zama da shi, sai Nuriyya ta bar aiki. Mai malahin ya sabunta wa Sada iƙama sau ɗaya don tsohuwar zuma, a karo na biyu ya ce ba zai iya ci gaba da riƙe makanikin da ba ya aiki ba, ya ba su haƙuri. Tata takardar a ƙarƙashin ta mahaifinta take, ta mutu tare da ita.

A watan Shawwal na 2018 aka buɗe wa mata tuƙi. Ismail ya kira daga Kano yana dariya, ya ce yanzu sai ta nuna musu. Wata tsohuwar abokiyar aikinta ta turo mata yadda ake rajistar makarantar koyon mota a waya. Ta buɗe, ta rubuta sunanta da ranar haihuwa. Layi na uku lambar iƙama ake nema. Ta rubuta. Aka ce lambar ba ta aiki. Ta sake rubutawa a hankali, ko ta yi kuskure, aka maimaita mata. Ta ajiye wayar ta je ta juya mahaifinta ɗaya ɓarin, don kada bayansa ya yi gyambo.

Ismail yana ta cewa su taho gida. Ita ba ta taɓa ganin Najeriya ba, shi kuma tsohon rabonsa da ita shekara saba'in. Da ta tambaye shi ko su tafi, ya ce "to". Da ta tambaye shi ko su zauna, ya ce "to". Ta kai takardunsu ofishin da ake neman izinin fita, aka ce sai an kawo rahoton likita cewa zai iya hawa jirgi.

Ranar Litinin da safe ta yi masa wanka, ta sa masa hula, ta turo shi zuwa wani ƙaramin asibiti da ke tsallaken babban titi. Babu gadar masu ƙafa a kusa. Suka tsaya a bakin kwalta, motoci suna wucewa ba ƙaƙƙautawa, rana tana hawa. Sau biyu tana tura keken ta jawo shi baya. Sun fi minti goma a nan kafin wata ƙaramar mota ta rage gudu ta tsaya, na bayanta suna ta hon. Mace ce a ciki, ta ƙanƙame sitiyari da hannu biyu. Ta saki ɗaya ta yi musu alama su wuce.

Nuriyya ta tura keken da sauri. A tsakiyar titi tayar gaba ta maƙale a wata tsaga, sai da ta ɗaga shi ta baya da dukkan ƙarfinta. Suka hau ɗaya gefen tana haki. Ta gyara masa ƙafarsa da ta zame daga mataki, ta goge masa baki da gefen mayafinta.

A asibitin, mutumin da ke bakin taga ya karɓi katin Sada ya jujjuya shi. Ya ce likitan da ke rubuta irin wannan rahoto ya tafi hutu, kuma ko ya dawo zai nemi iƙama mai rai kafin ya buɗe fayil. Ta ce ai don iƙamar ta mutu ne suke neman fita. Ya ce ya gane, amma ba shi ya tsara ba, ta dawo bayan sati biyu ta gwada.

Ta tura shi gefe, ƙarƙashin na'urar sanyaya ɗaki, don ya huta kafin su koma. Ta zauna a benci kusa da shi, ta buɗe gorar ruwa ta ba shi a hankali, tana tare abin da ke zubowa da tafin hannunta.